Sabon Garin Kano: Unguwar da Turawa suka yanka wa baƙi

A bakin Bakano, Sabon Gari ma'ana biyu gare ta. Idan aka ambace ta da hantsi, kasuwa ake nufi, wato inda ɗan tireda daga Wudil ko Bichi ko Ɗambatta yake zuwa saro kaya. Idan kuwa bayan isha'i aka ambace ta, sai ka ji an rage murya. Unguwar tana arewa maso gabas da ganuwar birni, Fagge ce ta raba su, kuma a yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge da mazaɓu biyu, Sabon Gari ta Gabas da ta Yamma. Duk halin da aka san ta da shi, na yabo da na suka, ya samo asali ne daga dalilin da ya sa aka kafa ta.

Asalinta

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Cikin 1911 layin dogo ya iso, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna. Duk waɗannan suna buƙatar akawu da masinja da makaniki da ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma a wancan lokaci masu ilimin boko daga Kudu suke, ko daga Saliyo da Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu. Mafi yawansu Kiristoci ne. Turawa ba su so su zauna cikin birni ƙarƙashin Sarki da alƙalansa, ba su kuma so su matso kusa da unguwarsu ta Nasarawa. Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa ba, na kada masu karanta jaridun Legas su koya wa talakan Arewa yi wa hukuma gardama. Saboda haka wajen 1913 aka yanka musu fili a bayan gari, aka ja tituna miƙaƙƙu suna gitta juna, aka rarraba fuloti.

Da farko ba Sarkin Kano ke mulkin unguwar ba, majistare Bature ne. Sai a 1940 aka mayar da ita ƙarƙashin En'e. Kafin nan, a shekarun 1930, an naɗa wani tsohon akawu ɗan Gwalkwas mai suna G.E. France ya zama shugaban unguwar. Sunansa ne Titin France ya ci, ba na ƙasar Faransa ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Haka ma Titin Ballat Hughes, sunan wani ɗan Saliyo ne da ya gaje shi. Wanda ya bi sunayen titunan, irin su Aba da Enugu da Warri da Abeokuta da Ijebu da Freetown da Gold Coast, ya karanta jerin garuruwan da mazaunan farko suka fito.

Kuskure ne a ɗauka cewa 'yan Kudu kaɗai suka zauna a nan. Tun farko akwai Nufawa da Hausawa 'yan ci-rani, da tsofaffin sojoji, da Yarabawa Musulmi waɗanda suka gina masallatansu da makarantun Ansar-ud-Deen kusa da majami'u. 'Yan ƙabilar Ibo sun fara rinjaye ne daga baya, bayan da layin dogo na Gabas ya haɗe da na Arewa. Wannan cakuɗuwa ta sa unguwar ta zama wurin da ake iya faɗin abin da ba ya faɗuwa a birni. A nan aka yi zaman da ya haifi jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga lardin Kabba, tare da su Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta.

Shekarun tashin hankali

Unguwar da aka keɓe wa baƙi, ita ake fara nufa idan rai ya ɓaci. A watan Mayun 1953, bayan taƙaddamar da aka yi a majalisar Legas kan neman mulkin kai a 1956, Samuel Akintola na jam'iyyar AG ya shirya taro a Colonial Hotel da ke Sabon Gari. Rikici ya ɓarke ranar 16 ga wata, aka shafe kwana huɗu ana fafatawa tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutane fiye da 30 suka rasa rayukansu. Na 1966 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba: an kashe 'yan Ibo masu yawa, sauran suka gudu Gabas, unguwar ta zama kamar kufai. Da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai suka fara dawowa, kuma da yawansu an mayar musu da gidajen da suka bari. Wannan abu ne da tsofaffin unguwar ba su manta da shi ba, ko da yake ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafin abin da ya gudana.

An sake gwabzawa a Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azin Kirista ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, sai kuma a Mayun 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam. Kowane rikici yana koro waɗanda suka kama haya a wasu unguwanni su dawo Sabon Gari neman mafaka, cunkoso ya ƙaru, kuɗin haya ya tashi. Sannan Boko Haram ta zo. Ranar 18 ga Maris 2013 aka tayar da bam a tashar manyan motocin safa ta New Road, aka sake kai hari wuraren shaƙatawa a ƙarshen Yulin shekarar, da kuma Mayun 2014.

Da rana

Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma shi ne Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, tana cikin manyan kasuwannin Arewa, kuma Hausawa ne suka cika rumfunanta tare da Ibo da Yarabawa. Gobarar watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya. A titunan da ke kewaye da ita ake samun kayan gyaran mota da na lantarki da na gini, da maɗaba'u, da littattafan makaranta. Shekaru da yawa nan ce cibiyar sarin magunguna, kafin hukumomi su matsa wa dillalai su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a kan hanyar Zariya. Tsarin koyon sana'a na Ibo, inda yaro ke yi wa maigida hidimar shekaru sannan a sallame shi da jari, shi ya haifi shaguna da yawa a nan.

Gidajen kuwa sun gaji. Fulotin da aka yanka wa iyali ɗaya yanzu ɗakuna ne jere suna fuskantar juna, banɗaki ɗaya, famfo ba ruwa, sai 'yan garuwa. Wasu an rushe su an tayar da benaye da otal-otal, amma magudanan ruwan na nan yadda suke, da damina sai a naɗe ƙafar wando. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da majami'u da masallatai su ne ke ɗaukar nauyin jana'iza da sasanta rigima da taimakon wanda kasuwa ta karye masa, sama da su kuma akwai Eze Ndigbo da Sarkin Yarabawa, masu kai gaisuwa fadar Sarkin Kano. Akwai waɗanda kakanninsu a nan aka haife su, Hausarsu ta Kano ce tsantsa, amma har yau takardar shaidar ɗan asalin jiha ba ta samuwa gare su cikin sauƙi. Unguwa mai biyan haraji irin wannan ta cancanci tituna da kwalbatoci da suka fi waɗanda take da su.

Da dare

Tun zamanin Turawa aka haramta sayar wa Musulmin Arewa barasa, aka bar lasisinta a wuraren da baƙi suke. Ta haka mashaya da gidajen rawa da gidajen mata masu zaman kansu suka taru wuri ɗaya. Silimar Rex, ta farko a Kano, wadda Kwara 'yan Labanan suka gina a 1937, a gefen unguwar aka kafa ta saboda dalili irin wannan. Da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, sai abin da aka kora daga sauran unguwanni ya ƙara tattaruwa a nan. Dokar jiha ta hana giya ko'ina, kuma Hisba kan tare motocin da ke shigo da ita. A Nuwamban 2013 ta farfasa kwalabe kusan 240,000 a bainar jama'a. Duk da haka, da magariba ta yi sai a fito da kujerun roba bakin titi a kunna janareta.

Ba duk daren Sabon Gari ne na maye ba. Akwai masu gasa kifi da tsire, da masu farfesun kan akuya irin na Ibo, da amala, da gidajen kallon ƙwallon Turai. Kiɗan highlife yana tashi daga wannan lungu, waƙar masu kwanan addu'a a coci daga wancan. Da yamma 'yan dambe na karawa a dandalin Ado Bayero Square, inda Kudawa da Arewa da Guramaɗa ke cika fili da makaɗa da 'yan kallo. A New Road kuma manyan motoci na lodin fasinja da buhuna zuwa Onitsha da Aba da Fatakwal da Legas.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya ɓoyuwa: ƙwaya, da 'yan sane, da 'yan mata ƙanana da talauci ko yaudara ta kawo otal-otal. Wanda ya fi ɗanɗana kuɗar wannan shi ne magidancin da ke renon 'ya'yansa a ɗakin da ke jingine da mashaya, kuma shugabannin unguwar sun sha kokawa a kai. Sai dai mazauna wurin suna da tasu amsar idan aka ɗora musu laifin duka. Sukan ce a tsaya a bakin Titin France bayan ƙarfe goma na dare, a ƙirga motoci masu baƙin gilashi da 'yan adaidaita-sahu da ke shigowa, a tambayi direbobin daga wace unguwa suka ɗauko fasinjojinsu.