Ruɓewar Tutiya a Jikin Tsabar Kuɗi

Ruɓewar tutiya lalacewa ce da ke kama tsabar kuɗin da aka yi da tutiya, musamman kwabon Amurka mai hoton Abraham Lincoln. A shekarar 1982 tsadar jan ƙarfe ta sa aka sauya haɗin kwabon: ya koma kashi 97.5 cikin ɗari tutiya, aka lulluɓe shi da siririn rufin jan ƙarfe, nauyinsa ya sauko daga giram 3.11 zuwa 2.5.

Rufin nan shi ne garkuwarsa, amma bai da ƙwari. Da ya tsage ko ya karce, sai danshi ya ratsa. Haɗuwar ƙarafan biyu da lema tana sa tutiya ta riƙa cinyewa da sauri, har ta fito da farin gari, ta bar ramuka. Wani lokaci iska ko datti kan maƙale ƙarƙashin rufin tun wurin bugawa, ya kumbura kamar ƙuraje.

Sababbin masu tara kuɗi kan ɗauki kumburin a matsayin kuskuren bugu mai tsada, alhali aibu ne da ke rage daraja. Gogewa ba ta mayar da abin da ya cinye. Ajiya a busasshen wuri tana jinkirta ɓarnar.