Bashin da Ɗalibi Ke Bin Jami'a a Zamanin da Aiki Ba Shi da Tabbas

Ɗalibin da ya shiga jami'ar tarayya a Nijeriya a 2019 don karatun shekara huɗu bai fita a 2023 ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya faro a watan Maris na 2020, ya haɗu da kullen korona, bai ƙare ba sai Disamba. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, aka janye shi ranar 14 ga Oktoba. Kusan wata 17 ke nan aka yanke daga ƙuruciyar mutum cikin shekara uku. Da ya koma aji kuma sai cire tallafin man fetur ya riske shi a Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, wasu ninki biyu ko fiye. Wannan ɗalibi shi ne ma'aunin wannan maƙala. Ra'ayin da zan kare shi ne, jami'a ba ta da ikon yi masa alkawarin aiki, kuma bai kamata ta yi kamar tana da shi ba. Amma akwai abu biyu da yake bin ta bashinsu: horon tunani da zai bi shi duk inda rayuwa ta jefa shi, da lokacin kammalawa da zai iya dogara da shi. A kan waɗannan ne muka fi gazawa, kuma su ne muhawararmu ta fi tsallakewa.

Sai an waiwayi dalilin kafa jami'a a Arewa kafin a gane inda matsalar take. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoban 1962, kujerar da ɗalibi zai hau tana nan tana jiransa tun kafin ya shiga aji. Gwamnatin Sardauna na ƙoƙarin mayar da ayyukan hukuma hannun 'yan Arewa, Turawa na tafiya, ana neman jami'an mulki da alƙalai da likitoci da malamai ruwa a jallo. Cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya don haka take. Aka ƙirƙiri jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, kowace na buƙatar cika ma'aikatunta. A 1975 aka aza harsashin jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Kano da Jos da Ilorin. Masaƙun Kaduna na aiki, masana'antun Bompai da Sharaɗa na ɗaukar mutane. Waɗanda suka yi karatu a wancan lokaci suna ba da labarin yadda takardar ɗaukar aiki kan riga sakamakon jarrabawa isowa. Har abincin ɗalibi hukuma ce ke tallafa wa, shi ya sa ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da tarzomar 1978, wadda a cikinta aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya.

Wannan duniya ta fara rushewa da faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙarasa ta. Babbar masaƙar Kaduna ta KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Ranar 15 ga Maris 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a faɗin ƙasar nan don neman guraben hukumar shige da fice waɗanda ba su kai dubu biyar ba, kowanne ya biya naira dubu ɗaya, mutane da dama suka mutu a turmutsutsu. Tun daga nan babu wanda zai ce bai san kujerar nan ta ɓace ba.

Abin da bai ɓace ba shi ne salon koyarwar da aka gina dominta. Duk wanda ya leƙa babban ɗakin lakca da ƙarfe bakwai na safe ya san siffarsa. Ɗalibai ɗaruruwa, waɗanda suka yi sammako sun kama kujeru har da na abokai, sauran suna tsaye a baya ko suna zaune kan tagogi, malami na karanto rubutu, lasifika kuwa sai in akwai wuta. Wanda ke baya ba ya jin komai, ya dogara da hoton littafin wani da zai ɗauka da waya. Idan jarrabawa ta matso, a kwana a aji da hasken tocilan ana haddar handawut da tambayoyin shekarun baya, a juye su a takarda, a fito a manta. Tsoron kariyoba ne ke jan ragamar karatun. A shekarar ƙarshe, furojet ɗin da ya kamata ya zama karon farko da ɗalibi zai tsaya da ƙafarsa ya binciki wani abu, a wurin da yawa ya koma aikin shagon buga takardu: a ɗauko na wani, a sauya sunan gari da shekara. Wannan tsari yana da ma'ana a lokacin da abin da ake nema daga kwali shi ne ya buɗe ƙofar ofis, ofis kuma ya koya wa mutum aikin. Yanzu da ofis ɗin babu, ɗalibi yana fita da kwalin, ba tare da horon da kwalin ke shaida ba.

Daga nan ne muhawarar "digiri ko sana'a" ta samo ƙarfi, musamman bayan littafin Farfesa Isa Ali Pantami na 2022 da ya fifita ƙwarewar aiki a kan kwali kawai, wanda matasan Arewa suka shafe watanni suna ja-in-ja a kansa a Facebook. Masu wannan ra'ayi suna da gaskiya babba. Akwai injiniyan da ya gama bai taɓa kwance inji ba, akwai ɗalibin kwamfuta da ya rubuta manhaja a takarda kawai. Shirin SIWES, wanda aka kafa tun 1973 don ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu a masana'antu, a wurin mutane da yawa ya koma neman wanda zai sa hannu a littafin rahoto, saboda masana'antun da za a je sun rufe. Sai dai wannan ba ya nuna cewa digiri ba shi da amfani. Yana nuna cewa abin da ake bayarwa da sunan digiri bai cika ba. Digirin injiniya da babu taɓa inji a cikinsa tauyayye ne tun daga tushe.

Maganin da hukuma ta kawo shi ne tilasta darasin koyon kasuwanci da sana'a a kowace jami'a tun wajen 2007. A aikace, a wurare da yawa, ya tsaya ne a haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren tsuguno na 'yan makonni, a ba da maki, a wuce. Ina ganin wannan kuskure ne ta fuska biyu. Na farko, ɗalibai ba su jira jami'a ta koya musu nema ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai kasuwa ce sukutum: wannan na sayar da data, wancan na aski a bakin ƙofa, wata na toya kek a kan risho tana tallarsa ta WhatsApp, wata na kawo atamfa da mayafai daga Kantin Kwari tana bayarwa bashi zuwa ƙarshen wata. Yaron da ya zauna wata shida a teburin mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano zai fi wanda ya ci darasin aji iya sana'a nesa ba kusa ba. A wannan fage kasuwa ta fi jami'a iya koyarwa, kuma a araha. Mun ma taɓa gwada wannan hanya a sakandare ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, aka shigo da injunan koyon fasaha, da yawansu suka ruɓe a akwatunansu don babu malami babu wuta.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Sana'ar da ta rataya a kan na'ura ɗaya tana mutuwa tare da na'urar. Bayan shigowar wayar salula a 2001, matasa da dama sun ci abinci da teburin kiran waya a ƙarƙashin lema. Ina suke yau? Shagunan shiga intanet sun zo sun wuce. Masu sayar da kaset da faifan finafinan Hausa, waɗanda suka riƙe kasuwar Kannywood shekaru da yawa, YouTube da tura fim a waya sun share su. Sana'ar POS ta bunƙasa a ƙarancin takardun naira na farkon 2023, yanzu a layi ɗaya sai ka ƙirga masu yin ta biyar. A 2024 kuwa an ga ɗalibai da masu digiri suna kwana suna danna waya da sunan mainin, bisa fatan kuɗin kirifto da mafi yawansu ba su samu abin kirki ba. Idan gobe ba ta da tabbas, koya wa matashi sana'a ɗaya tak shiri ne na shekara biyar, shi kuwa yana da shekara arba'in na neman abinci a gabansa.

To me jami'a ke da shi wanda kasuwa ba ta da shi? Tana da ikon koya wa mutum ya karanta dogon rubutu ya fitar da abin da ke cikinsa, ya rubuta shafi biyu da wani zai fahimta, ya bambance hujja da ji-ta-ji-ta, ya yi lissafin riba da asara har da abin da ba ya fitowa fili, ya gwada abu ya auna ya rubuta sakamako ko da bai yi masa daɗi ba. Wanda ya samu wannan, idan sana'arsa ta mutu zai koyi wata cikin watanni, domin an koya masa yadda ake koyo. Kuma muna da misalinsa a gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru ta fitar da irin masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA da dawa ta SAMSORG da gyaɗa ta SAMNUT, waɗanda manoma ke shukawa a faɗin Arewa. Ɗalibin da ya bi malaminsa gonar gwaji damina guda, ya raba kunyoyi, ya ƙirga tsiro, ya auna abin da kowane fegi ya bayar, ya ga yadda ake yanke hukunci bisa alƙaluma, ya tafi da abin da zai yi masa aiki ko da a ƙarshe shagon magani ya buɗe ko dillancin hatsi a Dawanau. Haka waɗanda suka zauna gaban Dakta Yusufu Bala Usman a sashen tarihi na Zariya: kaɗan ne suka zama malaman tarihi, amma an gan su a jarida da siyasa da aikin gwamnati da ɗabi'ar tambayar "mene ne hujjarka?" Irin wannan horo yana buƙatar aji ƙarami, da malamin da zai karanta rubutun ɗalibi ya mayar masa ya sake. Yana da tsada, shi ya sa ake guje masa a fake da sabulun ruwa.

Batun lokaci kuwa ba a cika ɗaukarsa a matsayin batun ilimi ba, alhali kuwa shi ne. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa. Bankuna da manyan kamfanoni sukan ƙayyade shekara 26 ko 27 ga sabon ma'aikaci. Ɗan Arewa da ya riga ya makara wajen shiga makaranta, ko ya sake jarrabawar JAMB sau biyu, idan yajin aiki ya ƙara masa shekara biyu, an rufe masa ƙofofi tun bai ƙwanƙwasa ba. Ɗaliba mace ta fi jin jiki: zaman gida na wata takwas yakan ƙare da aure, wanda alheri ne, amma komawa aji da ciki ko goyo ba kowace ke iyawa ba, wasu daga nan karatun ya tsaya. Akwai kuma illar da ba a gani. Matashin da sau biyu ko uku ya tsara rayuwarsa aka rushe masa yana koyon cewa tsari ba shi da amfani, komai sai yadda ta yiwu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda ba a faɗa masa ranar tafiyar ba, da wuya ya fafe shi sam.

Ba zan ɗora wa malamai laifin nan su kaɗai ba. Yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da ASUU a 2009 ita ce aka yi ta yajin aiki a kanta fiye da shekara goma, kuma asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, wanda kusan kowane sabon gini a jami'o'inmu ke ɗauke da sunansa, daga gwagwarmayar malaman ya fito. Amma ko wa ke da laifi, ɗalibi ne ke biya da shekarunsa. Yanzu da dokar bashin karatu ta 2024 ta kafa NELFUND, ɗalibi na cin bashi don ya yi karatu, zai fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wanda aka ba wa bashi ya sayi abu yana da haƙƙin sanin ranar da za a miƙa masa abin, da ingancinsa.

Alƙaluman hukuma ma ba za su nuna mana girman matsalar ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023, bayan ta sauya ma'auni ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Mai digirin kimiyyar sinadarai da ke tuƙa adaidaita sahun wani yana cikin masu aikin.

Akwai ƙofa ɗaya da ke buɗe yanzu. Manhajar karatun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Kirana ga majalisun malamai na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da sauransu shi ne kada a cika wannan gurbi da ƙarin handawut. A sa rubutu da ake gyarawa a mayar wa ɗalibi tun daga aji ɗaya. A sa furojet ya zama binciken wata matsala ta gaske a majemar fata ko kasuwar hatsi ko asibitin karkara, ɗalibi ya kare shi da bakinsa. Gwamnati kuma ta cika abin da ta sa wa hannu, domin wanda aka ɗauka karatun shekara huɗu ya fita a shekara ta huɗu.