Joe Burrow: daga lise na Athens zuwa kambun jami'o'in Amurka

An haifi Joe Burrow ranar 10 ga Disamba 1996 a garin Ames na jihar Iowa. Ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, wadda ake ɗauka da hannu a ruga da ita. Matsayinsa a fili shi ne kwatabak, wato jagoran ƴan hari, wanda ke karɓar ƙwallo a farkon kowane zagaye ya jefa wa abokansa.

A 2005 mahaifinsa Jimmy Burrow ya samu aikin koci a Jami'ar Ohio, iyalin suka koma yankin Athens, ɗaya daga cikin yankunan da talauci ya fi yi wa katutu a jihar. A lise na Athens Joe ya yi jifa 157 da suka kai ga tacdawun, wato shigar da ƙwallo gidan abokan hamayya, mai maki 6. A 2014 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan lise na jihar Ohio. A shekarar ne kuma ya kai makarantarsa wasan ƙarshe na jiha, inda suka sha kashi da ci 56 da 52.

Jami'ar Nebraska, inda mahaifinsa da yayyensa biyu suka yi wasa, ba ta neme shi ba. Sai ya shiga Ohio State a 2015 ƙarƙashin koci Urban Meyer. Shekara uku ya yi yana zaman benci a bayan J.T. Barrett. A 2017 ya karye a hannu, Dwayne Haskins ya shige gabansa. Da ya ga babu alamar za a ba shi fili, sai ya kammala digirinsa, ya koma jami'ar LSU ta jihar Louisiana a 2018. Wannan shawara ce ta ceci sana'arsa, domin ƙungiyoyin ƙwararru ba sa ɗaukar ɗan wasan da ba su gani a fili ba.

Shekararsa ta farko a LSU ba yabo ba fallasa: nasara 10, rashin nasara 3. A 2019 koci Ed Orgeron ya ɗauko Joe Brady daga ƙungiyar New Orleans Saints, aka sake tsarin hari ya koma na yawan jifa. Da masu cafewa irin su Ja'Marr Chase da Justin Jefferson, Burrow ya yi jifa na yadi 5,671 da tacdawun 60, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a rukunin manyan jami'o'i kafin lokacin. LSU ta ci wasanninta 15 duka, ta doke Clemson 42 da 25 ranar 13 ga Janairu 2020 ta ɗauki kambun ƙasa.

A Disamba 2019 ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. A jawabinsa, yana hawaye, ya ambaci yaran Athens da ke komawa gida daga makaranta ba su tarar da isasshen abinci ba. Cikin ƴan makonni jama'a suka tara wa rumbun tallafin abinci na yankin fiye da dala rabin miliyan. Filin wasan lise ɗin yanzu yana ɗauke da sunansa.

A Afrilu 2020 ƙungiyar Cincinnati Bengals ta jihar Ohio ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko a gasar ƙwararru ta NFL.