Gyara ko Sauyi: Tarihin Tsohon Injin Babur a Zangon Akra

Kai da babur ɗinka ya fara ƙwanƙwasa daga can ƙasan inji, ka matso kusa, yau maganarka ake yi.

Unguwar Nima a Akra ta taso ne a shekarun 1930, bayan da Malam Amadu Futa, wani dillalin shanu, ya samu fili a hannun mutanen Osu. Ka ga ke nan, tun asali zangon ya san lissafin nan na mai dabba: a yi wa tsohuwar saniya magani, ko a kai ta kasuwa?

Da babur ya shigo, tambayar ta bi shi. A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, inji mai sauƙin kwancewa, wanda aka ƙera don ƙasashe irin namu. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983, Gana ta shiga matsi: kuɗin waje ya yi wuya, kayan gyara suka ɓace, ga fari, ga 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da Najeriya ta koro a 1983. A wancan zamani babu shawara, gyara dole ne. Makanikai a Kokompe da Suame Magazine ta Kumasi suka ƙware wajen raba karanshaf, su sa sabon boris, su daidaita shi, inji ya tashi.

Bayan 2000 sai baburan Sin da Indiya suka cika kasuwa, irin su Haojue da Bajaj Boxer, da yawa ta tashar Lome da iyakar Aflawo. Inji ya yi araha, har wasu suka daina buɗe ƙasansa.

To, yanzu me za ka yi? Ka tsiyaye baƙin mai ka murza a yatsa. In ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, ciwon ya yi zurfi. A cire silinda a ja sandar fistin sama da ƙasa. In tana motsi, boris ɗinta ya mutu, kuma sabon ringi ba zai hana ƙwanƙwasa ba. In jikin inji bai tsage ba, kuma an samu kaya na asali a Abossey Okai, gyara ya fi riba. In kuwa kuɗin gyara ya doshi na wani injin mai lafiya, ko kayan jabu ne, ka haƙura.

Mai babur a Mamobi in ya mace masa, makanike na bayan gida. Kai kuwa, in sandar nan ta karye a tsakiyar daji da lodin kaya, tura za ka yi har gari. Don haka ka yanke shawara tun kana gida. Allah ya kiyaye hanya.