Fyaucewa: Tarihin Saɓanin Kiristoci a kan Lokacinta

Fyaucewa ita ce sunan da Kiristoci masu wa'azi da Hausa suke ba imanin nan cewa a ƙarshen zamani za a ɗauke masu bi, matattu da rayayyu, su taryi Yesu Almasihu a sararin sama. Sunan ya dace, domin duk wanda ya taɓa ganin shaho ya sauko tsakar gida ya yi gaba da ɗan tsako kafin uwar ta juyo, ya san abin da kalmar Girkanci harpazo take nufi. Ita manzo Bulus ya yi amfani da ita a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura 4 aya 17, wajajen shekara ta 50. Kusan dukkan ɗarikun Kirista sun yarda cewa za a yi wannan taryar. Inda aka rabu shi ne kan lokacinta: kafin babban tsanani, wato shekarun azabar da za su zo da Magabcin Almasihu, ko a tsakiyarsa, ko kuwa bayansa. Ayar kanta ba ta ambaci tsanani ba, balle ta ce kafin ko bayan. Amsar da kowane ɓangare yake bayarwa ta samo asali ne daga wani hukunci da ya riga ya yanke kan wata tambaya dabam, wato ko ikkilisiya ce ta gaji alkawuran Isra'ila, ko kuwa su biyun jama'u ne dabam, kowacce da nata shirin.

A ƙarnonin farko ba a yi wannan gardamar ba. Malamai irin su Ireniyus na birnin Liyon, wanda ya yi rubutu wajajen shekara ta 180, sun sa ran mulkin Almasihu na shekara 1,000 a doron ƙasa, amma sun ɗauka ikkilisiya za ta fuskanci Magabcin Almasihu ta sha wuya a hannunsa tukuna. Ba abin mamaki ba ne ga mutanen da a garinsu aka jefa Kiristoci ga namun daji a shekarar 177. Daga baya Agustin ya fassara shekaru 1,000 ɗin a matsayin zamanin ikkilisiya baki ɗaya, kuma wannan fahimtar ce ta yi rinjaye fiye da ƙarni goma. Har yau cocin Katolika da na Otodoks da yawancin tsofaffin cocin Furotesta suna koyar da dawowa ɗaya, wadda tashin matattu da tarya da shari'a duk suke cikinta.

Wanda ya raba dawowar gida biyu ya kuma gina mata cikakken tsari shi ne John Nelson Darby, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1882. Lauya ne da ya zama limamin cocin Angilika a Ailan, ya bar cocin saboda ganin ta zama 'yar amshin shatar gwamnati, ya zama jigo a ƙungiyar 'Yan'uwa ta Plymouth. A tarukan nazarin annabci da aka yi a gidan Powerscourt daga 1831 zuwa 1833 ne ra'ayinsa ya fara fitowa fili. Ginshiƙinsa sura ta 9 ce ta littafin Daniyel, inda aka ƙayyade wa Isra'ila bakwai saba'in na shekaru. A lissafinsa 69 sun cika a zamanin Yesu, sai agogon annabci ya tsaya, aka buɗe zamanin ikkilisiya a matsayin wani zango da annabawa ba su hango ba. Saura bakwai guda, shekara 7 na tsanani, kuma na Isra'ila ne. Tunda haka ne, sai an kawar da ikkilisiya daga duniya kafin agogon ya ci gaba. A nan ake ganin cewa fyaucewa kafin tsanani reshe ce, kututturen shi ne raba Isra'ila da ikkilisiya. Wanda ya karɓi rabuwar zai ga fyaucewar a ayoyi da dama, wanda bai karɓa ba zai karanta ayoyin nan dai bai gan ta ba.

Masu wannan ra'ayi suna da hujjojin da ba na yarwa ba ne. Suna nuna 1 Tasalonikawa 5:9, da ke cewa ba a ƙaddara masu bi ga fushi ba, da alkawarin kiyayewa daga sa'ar gwaji a Wahayin Yahaya 3:10, da kuma yadda kalmar ikkilisiya ta ɓace daga littafin bayan sura ta 3, ba ta sake bayyana ba sai a sura ta 22. Mafi ƙarfin hujjarsu ita ce an umarci masu bi su zauna a shirye domin ba su san ranar ba, alhali wanda ya ga tsananin ya fara zai iya ƙirga shekara 7 da yatsunsa. Sai dai ɗaya ɓangaren, na masu cewa bayan tsanani za a yi, yana da Matiyu 24, inda aka ce bayan tsananin ne za a busa ƙaho a tattara zaɓaɓɓu, kuma ba a kauce wa wannan sai an ce zaɓaɓɓun nan Yahudawa ne, wanda ya sake maido mu ga kututturen. Suna kuma lura cewa kalmar Girkanci da aka fassara da tarya ana amfani da ita ga mutanen gari da suke fita bayan ganuwa su taro babban baƙo su rako shi ciki, kamar yadda ake fita taryen sarki in ya dawo daga tafiya. In haka ne, masu bi za su hau ne domin su rako Almasihu zuwa ƙasa nan take. Tun farko abokan Darby irin su Benjamin Newton da Samuel Tregelles da George Müller sun ƙi bin sa a kan wannan.

An yi ƙoƙarin nemo wa koyarwar tsohon asali. Akan kawo wata huɗuba da aka jingina wa Ifraimu mutumin Suriya, wadda take maganar tattara tsarkaka kafin tsanani, da rubutun wani ɗan Baftis, Morgan Edwards, wanda aka buga a Filadelfiya a 1788. Waɗannan sun nuna tunanin ya taɓa gilmawa, amma ba su nuna wata ikkilisiya da ta riƙe shi a matsayin koyarwa ba. Su ma masu suka sun wuce gona da iri da suka ce Darby ya kwaso abin ne daga wahayin wata budurwa 'yar Sikotilan, Margaret MacDonald, a 1830, domin abin da aka rubuta daga bakinta yana nuna ikkilisiya tana shan gwaji a hannun Magabcin Almasihu. Sabuntar koyarwa kuma ba ita ce ƙaryatuwarta ba. Abin da tarihi ya tabbatar kawai shi ne shekarunta.

Yaɗuwarta aikin Amurka ne. Darby ya yi ta zuwa can tsakanin 1862 da 1877, tarukan nazarin Littafi Mai Tsarki na Niagara suka ɗauki koyarwar, ko da yake su ma a kan wannan batu suka dare a ƙarshen ƙarnin. Sai a 1909 maɗaba'ar jami'ar Oxford ta fitar da Littafi Mai Tsarki mai sharhin C. I. Scofield. Dabarar tana cikin shafin: aya a sama, sharhi a ƙasa, cikin bango ɗaya, har mai karatu ya daina tuna wanne ne nassi wanne ne ra'ayin Scofield. Makarantar tauhidi ta Dallas, da aka kafa a 1924, ta horar da fastoci a kan wannan tsari, kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948 ta zo wa mabiyansa kamar shaida daga sama, littafin Hal Lindsey na 1970 da jerin ƙagaggun labaran Left Behind daga 1995 suka kai shi gidajen miliyoyin mutane.

Sauran ra'ayoyin gyaran fuska ne ga wannan taswirar. Masu cewa a tsakiya za a yi, kamar Norman Harrison a 1941, sun haɗa ƙaho na ƙarshe na 1 Korintiyawa 15 da ƙaho na bakwai na Wahayi 11, suka sa fyaucewar bayan shekara uku da rabi. Marvin Rosenthal a 1990 ya bambanta zaluncin Magabcin Almasihu da fushin Allah, ya ce masu bi za su sha na farko a tsame su kafin na biyu. George Ladd kuwa a 1956 ya koma ga matsayin su Ireniyus. Masu yanke rana wani babi ne dabam, kuma manyan malaman kowane ɓangare sun nesanta kansu da su: Edgar Whisenant ya ce 1988, cocin Dami a Koriya ta Kudu ta ce 28 ga Oktoba 1992 har wasu suka sayar da gidajensu, Harold Camping ya ce 21 ga Mayu 2011.

Koyarwar ta iso arewacin Najeriya da 'yan mishan na Amurka da Kanada da littattafansu, shi ya sa mai sauraron wa'azi a yawancin cocin bishara da na Fentikos zai ɗauka ita kaɗai ce fahimtar Kirista. Amma Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka sauka Legas a 1893 suka fara mishan ɗin SIM, wadda cocin ECWA ta fito daga gare ta a 1954, ya daɗe yana riƙe da ra'ayin Darby, daga baya ya sake karanta Bisharar Matiyu ya bar shi, ya kuma rubuta littafi yana bayyana dalilinsa.