Jinginar Gona a Ƙasar Birnin Gwari

Tun kafin a san banki a ƙasar Hausa, manomin Kakangi da maƙwabtansa na yammacin Birnin Gwari sun san wata mas'ala mai hana magidanci barci da kaka, watau ko ya tattara kuɗin amfanin da ya sayar ya fanshi gonar da ya jinginar, ko kuwa ya juya su a fatauci, gona ta ƙara kwana a hannun mai bin bashi.

Bisa al'ada, idan lalura ta sami mutum, ta haraji ko aure ko jinya, sai ya kira shaidu, ya karɓi kuɗi, ya miƙa gona. Wanda ya ba da kuɗin shi ke noma ta, shi ke cin abin da ta bayar, har ranar da aka mayar masa da abinsa, ba daɗi ba ragi. Da yake ƙasa ce mai yalwar daji, inda mai ƙarfin gatari kan nemi izinin mai gari ya sari sabon wuri, ba kowace gona ake marmari ba, sai fadama, ko gonar bayan gari wadda ta sha taki shekara da shekaru. Malaman Malikiyya masu karantar da Risala da Muhtasar ba su taɓa sakin jiki da wannan mu'amala ba, domin a wurinsu jingina tabbaci ce kawai ga bashi, kuma rancen da ya jawo wa mai shi amfani ya faɗa babin haram. Sai dai lalura ba ta jiran fatawa.

Bayan da Ingila ta raba fam da zinariya a 1931, farashin zinariya ya tashi, Turawa da 'yan ƙasa suka duƙufa haƙa da wanki a rafukan Birnin Gwari, kuɗi suka soma yawo a hannun talaka. Amma ko da kuɗi a hannu, masu son jinkirta fansa suna da hujja wadda ba a raina ta: wanda ya sayi dawa da kaka, ya zuba a rumbu, ya fitar da ita tsakiyar damina, yakan ci riba, alhali bashin jingina yana nan inda yake, darajar kuɗi kuma kullum raguwa take yi. Fam 10 na da, wanda ya koma naira 20 a 1973, yau ko mudu guda ba zai saya ba.

Wannan lissafi ne ma'aikacin birni ke yi yanzu, wanda ya ci bashin Asusun Gidaje na Ƙasa, da aka kafa a 1992, a kan ruwa kashi 6 cikin 100, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024. Amma shi yana kwana a cikin gidansa. Manomi kuwa, duk damina da ta wuce, damman da gonarsa ta fitar rumbun wani suke shiga. In shekaru suka yi nisa shaidu suka ƙaura, magada kan wayi gari suna rantsuwa cewa ciniki aka yi. Shanun da aka saba zuba jari a cikinsu kuma, 'yan bindigar dajin nan sun nuna a dare ɗaya ake kore su.

A ganina, mai gida a birni yana iya jinkirtawa, amma wanda gonarsa ke hannun wani, fansa ita ce farilla, fatauci nafila.