Komai Nisan Jifa: Tarihin Kokawar Ɗan Adam da Ƙarfin Jan Ƙasa

Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Amma sai a shekarar 1687 aka sami wanda ya zayyana lissafin wannan faɗowa, wato Isaac Newton na Ingila, wanda ya nuna cewa ƙarfin da ke dawo da dutse ƙasa shi ne dai ke riƙe da wata a bisa tafarkinsa. Tambayar da ta biyo baya ita ce, ko akwai wata dabara da za a tare wannan ƙarfi kamar yadda laima ke tare ruwa?

Ya kyautu mu bambanta tashi sama da kashe jan ƙasa. Balan-balan ɗin 'yan'uwan Montgolfier a Faransa a 1783, da jirgin 'yan'uwan Wright da ya yi daƙiƙa 12 a sama a 1903, wani ƙarfin suka kawo ya yi kokawa da shi. Hatta 'yan sama-jannatin da muke gani suna shawagi kimanin kilomita 400 daga ƙasa ba su kuɓuta ba, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin yana nan a can. Faɗowa suke yi, sai dai tsananin gudunsu ya sa kullum suna kuskure doron ƙasa.

Wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne Roger Babson, attajirin Amurka da ya yi suna wajen hango karyewar kasuwar hannun jari ta 1929. Yana yaro 'yar'uwarsa ta nutse a ruwa, a 1947 kuma jikansa ya rasu ta wannan hanya. Dattijon bai ɗora laifin a kan ruwa ba, jan ƙasa ya tuhuma, har ya ɗauke shi babban maƙiyin bil'adama. A 1948 ya kafa gidauniyar binciken jan ƙasa, ya sanya kyautar kuɗi kowace shekara ga maƙalar da ta fi, da burin a gano abin da zai zame wa mutane garkuwa. Da farko manyan masana sun ƙaurace wa gasar don gudun zubar da mutunci. A 1953 Bryce DeWitt ya lashe ta da maƙalar da ta rushe ainihin burin mai kyautar, kuma abin yabo ne a ganinmu da aka ba shi kuɗinsa. Daga nan gasar ta koma dandalin bincike na haƙiƙa, har Stephen Hawking ya ci ta a 1971, shekara huɗu bayan mutuwar Babson.

Dalilin gagarar a fili yake. Lantarki yana da fuska biyu, mai ja da mai turawa, shi ya sa ake iya kange shi. Jan ƙasa kuwa ja kawai ya sani, kuma tun 1915 Albert Einstein ya bayyana shi a matsayin lanƙwasar sarari da lokaci, wanda ba a yi masa katanga.

Duk da haka ba a daddara ba. A 1992 wani masani ɗan Rasha, Eugene Podkletnov, ya yi iƙirari a Finlan cewa abubuwa na rage nauyi a saman wani faifai mai juyawa cikin matsanancin sanyi. Hukumar NASA ta gwada, ba ta tabbatar ba. Sauran fatan ya koma ga kishiyar zarra, wadda wasu suka zaci sama za ta nufa. A 2023 masana a cibiyar CERN, kusa da birnin Janiba, suka sanar cewa sun saki kishiyar haidurojin daga tarkon maganaɗisu, sun ga ita ma ƙasa ta yi.